Magarya da Dungas: gawo ya samu mai shi, tabkuna na jiran nasu

Cikin shekara arba'in da suka shige, manoman kudancin jahar Damagaram sun maido wa gonakinsu miliyoyin itatuwa ba tare da wani ya biya su lada ba. Tabkunan kwarin Korama kuwa, waɗanda kowa ke ci daga gare su amma babu mai ɗauke da nauyinsu, rairayi da kacalla na cinye su sannu a hankali.

A kowace shekara dubban baƙi na biyan kuɗin jirgi masu yawa domin zuwa tsibirin Madagaska, can cikin tekun Indiya, gabas da gaɓar Afirka. Wasu bakin teku ke kai su, su kishingiɗa bisa rairayi su sha iska. Wasu kuwa namun daji suke bi, musamman wani dangin biri da ake kira lemur, wanda ya haura iri 100, kuma tsibirin ne kaɗai asalinsa. Amma hoton tsibirin da ya fi yawo a duniya shi ne na wata hanyar ƙasa kusa da garin Morondava, inda manya-manyan kukoki suka jeru dama da hagu. Masana sun ƙidaya irin kuka 8 a duniya, 6 daga ciki a Madagaska kawai ake samunsu. Mutumin Damagaram da ya ga wannan hoto ba zai rasa yin murmushi ba, ganin ashe akwai masu ƙetare teku domin kallon iccen da ake kaɗa miya da ganyensa kullum a gidansa.

Sai dai yawan baƙi bai hana dajin tsibirin ƙarewa ba. Bincike ya nuna tsakanin 1953 da 2014 Madagaska ta rasa kashi 44 cikin 100 na dazuzzukanta, kuma a 2020 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke fuskantar ɓacewa ta bayyana cewa kusan dukkan nau'o'in lemur suna cikin haɗari. Kallo shi kaɗai bai taɓa raya icce ba.

Ƙasar Nijar ba ta da teku, balle tsibiri. Amma tana da wani yanki da labarinsa ya bi hanyar da ta saɓa wa ta Madagaska, inda itatuwa suka ƙaru a daidai lokacin da jama'a ke ƙaruwa. Wannan yanki shi ne gundumomin Magarya da Dungas, tare da maƙwabtansu na Matamai da Mirya. Dalilin da ya sa icce ya komo can ya cancanci a san shi, domin shi ne kuma dalilin da ya sa tabkunan yankin ke neman mutuwa.

Hanyar Magarya

Daga birnin Damagaram zuwa Magarya tafiyar kimanin kilomita 90 ce, kudu sak, a bi ta Dogo da Bande. Gaba da Magarya kaɗan iyakar Nijeriya ce. Gabas kuma ga Dungas, tsohuwar ƙasar Sosebaki, wadda aka yanke daga Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, da ƙananan hukumomi huɗu: Dungas, Dogo-Dogo, Guci da Malawa. Mutanen Dungas da kasuwar dabbobi ta Maigatari, a jahar Jigawa, tamkar ɗan gida ne da ƙofar gidansu.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum fiye da 900,000 a gundumomin biyu in an haɗa su, wato sama da mutum 100 a kowace murabba'in kilomita, alhali a faɗin ƙasar lissafin bai kai 15 ba a wannan shekara. Ruwan sama, wanda yakan kai milimita 500 zuwa 600 a shekara, shi ya tara su, tun kaka da kakanni. A irin wannan cunkoso gona ba ta hutawa, kuma daji a ma'anarsa ta da, inda mutum zai yi yini bai ga gona ba, ya daɗe da ƙarewa.

Duk da haka, matafiyin da ya bi hanyar a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da aka gama kwashe amfanin gona, ƙasa ta yi fari, hunturu na kaɗawa, abin da zai gani ya fi kama da daji fiye da gona. Iyakar ganinsa itatuwan gawo ne kore shar, manya da matasa, a warwatse cikin gonaki, shanu da tumaki na kwance ƙarƙashinsu. Tsakaninsu ga kuka, ga tsamiya, ga aduwa da kanya, ga goriba a wuraren da ruwa ke kusa, ga kuma magarya, iccen da garin ke amsa sunansa. Wanda ya komo ta wannan hanya a watan Agusta zai tarar da akasin haka: gero da dawa sun rufe ƙasa, gawo kuwa ya kaɗe ganyensa ya tsaya fari fat kamar busasshe.

Wannan hali na gawo shi ne dukiyarsa. Kasancewar yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zuba kuma taki ne. Saiwarsa na nutsawa can ƙasa ta iske ruwa, ba ta yi wa gero kishiya. Yana cikin dangin itatuwan da ke ƙara wa ƙasa sinadarin da shuka ke buƙata. Da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare, ganyensa da 'ya'yansa abincin bisashe ne, har ana tara 'ya'yan cikin buhu a kai kasuwa. Dabbobin da ke hutawa a inuwarsa can suke barin kashinsu. Shi ya sa kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili tsawo da cika.

Yadda gawo ya tafi, da yadda ya komo

Darajar gawo a Damagaram tsohuwa ce. Tarihin baka ya adana cewa a zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, hukuncin sare gawo yana iya kai mutum ga rasa hannu ko ma rai. Da Turawan Faransa suka zo, sai suka kafa tasu dokar daji a 1935, wadda ta sa muhimman itatuwa ƙarƙashin ikon hukuma. Dokar da Nijar ta yi a 1974 ta bi wannan sawu: akwai jerin itatuwa, har da gawo, da ba a saransu ko a yi musu aski sai da takardar ma'aikatan gandun daji, ko da a gonar mutum suka tsiro.

Niyyar dokar kariya ce, amma abin da ta haifar daban ne. Manomi ya lura cewa iccen da ya girma a gonarsa ya zama na gwamnati, kuma yana iya jawo masa tara ranar da wani ya datse reshensa da dare. Saboda haka sai ya gwammace ya tumɓuke shi tun yana ɗan tsiro. A wannan zamani kuma gyaɗa ce sarauniya a Magarya. An kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayenta, aka gina masana'antar mai a garin, malaman gona na koyar da cewa gonar zamani ita ce wadda aka share tas, babu kututture, domin garmar shanu ta wuce. Daga nan fari ya sauko a 1973 da 1974, cuta ta karya gyaɗa a 1975, wani farin ya biyo baya a 1984. Itatuwa da yawa suka mutu a tsaye, waɗanda suka rage aka sare su aka sayar domin sayen hatsi. Iska ta samu fili, tana binne shuka da rairayi, har manomi kan yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama.

A watan Mayu na 1984 magabatan ƙasa suka kira babban taro a Maraɗi kan yaƙi da gurgusowar hamada. A can Maraɗin ne kuma, tun 1983, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗa dabarar da aka sa wa suna sassaben zamani: maimakon a ƙone kututturen da ke toho a gona, sai a zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga dabbobi har su zama icce. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa, domin saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa.

A kudancin Damagaram kuwa galibi manoma ne da kansu suka koma ga abin da iyayensu suka sani, suna barin 'ya'yan gawon da ke tsirowa daga kashin dabbobi. Abin da ya ba su ƙarfin gwiwa shi ne canjin da ya faru a ƙasa. Rashin kuɗi na shekarun 1980 da 1990 ya rage zirga-zirgar ma'aikatan gandun daji a karkara, guguwar dimokuraɗiyya ta sa talaka ya fara ɗaga kai, sannan dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta amince da haƙƙin mai gona. Dokar daji ta 2004 ta ƙara sassautawa, har zuwa ranar 30 ga Yuli 2020 da gwamnati ta fitar da ayar doka ta musamman wadda ta tabbatar wa manomi moriyar iccen da ya raina a gonarsa.

Duniya ba ta farga ba sai daga baya. A 2006 wani bincike da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka gudanar ya ƙiyasta cewa a Magarya, Matamai da Mirya kaɗai itatuwa sun komo bisa kimanin hekta miliyan 1, mafi yawansu gawo. Hotunan sama na 1975 da aka gwada da na 2005 sun nuna ƙauyuka da dama sun fi yawan icce a yanzu, duk da jama'arsu ta ninka. Ƙiyasin da aka fitar a 2009 na ƙasar baki ɗaya ya kai hekta miliyan 5 da icce miliyan 200. Tun 1975 ake dashen itatuwa kowace ranar 3 ga Agusta, amma abin da manoma suka raina da laujensu ya ninka abin da aka dasa nesa ba kusa ba.

Albarkacin kaza

Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Manomi don gero da dabbobinsa ya raini gawo, amma akwai waɗanda suka ci moriya ba da saninsa ba. Daga watan Satumba zuwa Oktoba, sa'ad da sanyi ke shiga Turai, miliyoyin ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari na ƙetare tekun Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a yankin Sahel. Isowarsu ta yi daidai da lokacin da gawo ke fitar da sabon ganye da fure, tsutsotsi da ƙwari na taruwa a kansa. Wasu masana daga ƙasar Holand, ƙarƙashin jagorancin Leo Zwarts, sun shafe shekaru suna ƙirga tsuntsaye icce bayan icce daga Senegal har Habasha. Sun gano baƙin tsuntsayen nan sun fi taruwa a itatuwa masu ƙaya irin su gawo da aduwa, alhali dogon yaro da turare, waɗanda aka fi dasawa a bakin hanya da makarantu, kusan babu mai sauka a kansu. Ke nan ɗan tsuntsun da ke kuka a wani lambu na Faransa ko Italiya da bazara, mai yiwuwa ne a gawon wani manomin Yekuwa ko Malawa ya yi rani.

Shamuwa kuwa tafiyarta daban ce, domin ba ta barin Afirka. Takan iso gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa bisa itatuwan tsakiyar gari, wani lokaci a cikin gida, ba ta tsoron kowa domin babu mai taɓa ta. Ganinta bushara ce ga manomi ya gyara iri. Da kaka ta yi sai ta ɓace. Masu bincike daga ƙasar Denmark sun ɗaura wa wasu shamuwoyin kudancin Nijar na'urar da tauraron ɗan Adam ke bin sawunta, kuma sakamakon da suka fitar a 2006 ya nuna tsuntsayen na kaiwa har Tanzaniya da ƙasashen da ke kudu da ita, suna bin ruwan sama. Binciken nasu ya kuma tabbatar da abin da manoma suka daɗe da lura da shi, cewa fara ce babban abincin shamuwa. Babu dokar da ta kare ta kamar yadda al'ada ta kare ta: jama'a sun ɗauke ta tasu ce.

Waɗanda ba su samu wannan gata ba sun tafi. Dattawa na ba da labarin barewa da gada da kura da jimina, waɗanda yaran yau ba su sani ba sai a tatsuniya. Abin da ya rage ƙanana ne masu iya zama da mutane: zomo, kurege, bushiya, dila, damo da guza. Gauraka, mai tukku kamar zinariya, ganinta ya yi wuya, saboda kamun da ake mata domin sayarwa gidajen masu hali da kuma lalacewar fadamun da take ƙwai. Ungulu ma, wadda a da ba a rasa ta a kowace mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya, kuma cinikin sassan jikinta domin magani na cikin manyan dalilai. Dokar farauta ta 1998 tana nan a rubuce, amma ma'aikaci ɗaya bisa babur ba ya tsare ƙasa mai faɗin haka.

Kwarin Korama

Gawo rabin arzikin yankin ne. Ɗaya rabin yana cikin kwari. Korama tsohon kogi ne da ya daina gudu tun zamani mai nisa, wanda shi da rassansa suka ratsa kudancin jahar daga wajajen Kance da Matamai, suka bi ta Dogo, Waca da Guci, suka nufi iyakar Nijeriya, cikin babban kwarin tabkin Cadi. Ruwansa bai tafi ba, ƙarƙashin rairayi ya koma. A wurare da yawa haƙa kaɗan ake yi a iske shi, inda ƙasa ta yi ƙasa sosai kuma sai ya fito fili ya zama tabki. Wasu tabkunan na ƙafewa da bazara, wasu na kai wa wata damina.

Wanda ya sauko daga jigawa ya shiga irin wannan kwari zai ji iska ta sauya. Ga garake na rake, rogo, dankali, albasa, tumatir, kabeji da tattasai, ga mangwaro da gwaiba da lemo, ga dabino da goriba sun yi wa wurin rumfa. Raken Korama ya yi suna, motoci na ɗaukarsa zuwa Damagaram da sauran manyan garuruwa. Wannan noman rani shi ke riƙe samari da yawa a gida a watannin da takwarorinsu ke tafiya cin rani Kano ko Libiya, shi ne kuma madogarar iyali a shekarar da damina ta yi gardama.

A cikin ruwan akwai tarwaɗa da karfasa, akwai gaiwa, wadda idan tabki ya ƙafe takan shige cikin laka ta kwanta watanni har ruwa ya komo. Bado na shimfiɗe bisa ruwa, mata da yara na cin 'ya'yansa da saiwarsa. Da sassafe ko gab da magariba ake ganin tsuntsaye: balbela garke-garke, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya yana dakon kifi, kirinjijiya na shawagi da fito, sannan da sanyi ga agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu da suka zo daga Turai da Rasha. Inda farin rairayin jigawa ya gangaro har bakin ruwa, ga inuwar dabino a gefe, wurin shaƙatawa ne da ba ya buƙatar ƙari.

To amma wannan ni'ima tana raguwa, kuma dalilan a bayyane suke. Ƙarancin gona ya sa ana noma gangaren jigawa har bakin ruwa, saboda haka kowane ruwan sama da kowace iska na zuba rairayi cikin tabki, zurfinsa na raguwa shekara bayan shekara. Tabkin da ya rasa zurfi kuwa shi kacalla ke so. Wannan doguwar ciyawa tana yaɗuwa ta saiwa da ta iri, ta rufe fuskar ruwa, ta hana masunta jefa taru, ta hana dabbobi kaiwa ga mashaya, ta zama maɓoyar sauro da tsuntsun jan baki mai cinye gero. Injinan ban ruwa sun yawaita, kowa na ja gwargwadon man da ya iya saye. Maganin ƙwarin da ake sayowa a kasuwannin iyaka, sau da yawa ba tare da sanin ƙa'idarsa ba, daga garka tabki yake gangarawa. A wasu kwaruruka kuma kanwa na tasowa ta ɓata ƙasa. Ga shingayen garake na toshe burtalin da makiyaya ke bi zuwa ruwa, abin da ke haddasa husuma kusan kowace shekara.

Wa ke da tabki?

Mai garka na da garkarsa, masunci na da tarunsa, makiyayi na da garkensa, mai yin tubali na da ramin da yake ɗibar laka. Kowannensu na buƙatar tabkin, amma babu wanda zai kashe kwana goma yana yankan kacalla ko kafe jigawa alhali bai da tabbacin cewa shi zai ci amfanin wahalarsa. Halin da gawo ya shiga ke nan a shekarun 1970, lokacin da yake na gwamnati a takarda, na kowa da dare.

Maƙwabta sun riga sun ɗanɗana. A fadamun Haɗeja da Nguru, ƙetaren iyaka kaɗan, gina madatsun ruwa na Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ya canza tafiyar ruwa, kacalla ta mamaye dubban hektoci, ta toshe magudanai, gonakin shinkafa da wuraren su suka salwanta, aka kashe kuɗi masu yawa wajen yaƙi da ita ba a gama ba. Tabkunan Korama ƙanana ne idan aka gwada da waɗannan, wanda ke nufin ƙarfin gari ɗaya ko biyu na iya ceton kowannensu, muddin an tashi da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ta fuskar doka ba a rasa madogara ba. Dokar 1993 ta tanadi hukumomin kula da filaye, masu ikon shata iyakar tabki, burtali da makiyaya, su rubuta su. Dokar ruwa da dokar kiwo, dukansu na 2010, sun tabbatar da haƙƙin dabbobi na kaiwa ga mashaya. Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare wurare masu dausayi tun 1987, kuma tana da wurare 14 cikin jerin, har da tabkin Lasuri da aka sa a 2005, da na Gidimuni da na Madarumfa da aka sa a 2019. Babu ko ɗaya a Magarya ko Dungas. Amma shiga jeri suna ne kawai idan babu mai tsaro a bakin ruwa.

Abin da ya yi aiki ga icce shi ya kamata a gwada ga ruwa. A garin Ɗan Saga na gundumar Agiye, cikin jahar Maraɗi, jama'a sun kafa kwamitin tsaron itatuwa wanda ya haɗa maza da mata, manoma da Fulani makiyaya, suka yanka wa kansu ƙa'idoji da tara, hukuma ta mara musu baya. Madagaska ma ta yi doka a 1996 mai miƙa wa al'ummomin karkara kula da albarkatun da ke kewaye da su bisa yarjejeniya. Kowane babban tabki na Korama na buƙatar irin wannan: sanannen kwamiti, rubutacciyar iyaka da ba a noma bayanta, lokacin su da lokacin hutun kifi, ranakun gayya na yankan kacalla, da kaso bayyananne na harajin kifi da na rake da zai koma ga aikin tabkin, a ƙarƙashin idon sarakunan gargajiya da ƙananan hukumomi.

Wajibi ne kuma a kauce wa kuskuren da ya biyo bayan nasarar gawo. Da icce ya zama na mai gona, matan da ba su da gona sun rasa inda za su yi itacen girki kyauta, makiyayin da ya saba sassabe wa dabbobinsa reshe ya zama ɓarawo a idon mai gona. Tabki ba ya rabuwa gona-gona. Idan aka ba da shi ga masu garake kaɗai, an sayi rigima. Mai shi dole ya zama jama'ar da ke shan ruwansa gaba ɗaya, har da baƙon da ke zuwa da garkensa wata uku a shekara.

Baƙin da za a jira

Masu ganin yawon buɗe ido zai kawo kuɗin wannan aiki su yi lissafi da hankali. Tun harin da aka kai yankin raƙuman dawa na Kure ranar 9 ga Agusta 2020, inda aka kashe Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, Turawa masu yawon kallo suka ƙaurace wa karkarar ƙasar. Baƙin da Magarya da Dungas za su iya samu na kusa ne: ma'aikata da 'yan kasuwar Damagaram masu neman inda za su kai iyali ranar hutu, 'yan makarantar da ke karanta sunayen tsuntsaye a littafi ba su taɓa ganinsu ba, manoman wasu jahohi da na maƙwabtan ƙasashe masu son ganin sassaben zamani da idonsu, da ɗaliban jami'ar André Salifou ta Damagaram, waɗanda za su iya shiga ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a duniya kowane watan Janairu tun 1967. Tabkin da ba a taɓa ƙirga abin da ke cikinsa ba, da wuya a san ranar da ya fara rasa shi.

Mai niyyar zuwa ya zaɓi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da gawo ke da ganye, tabkuna na da ruwa, rake ya nuna, baƙin tsuntsaye sun sauka. Ya fara da gaida mai gari ya nemi ɗan rakiya, ya sallami ɗan rakiyar da abin kirki. Kada ya shiga garkar mutane ba izini, kada ya harbi tsuntsu ko ya tayar da su daga sheƙa. Ya kuma yi haƙuri da wanka, domin ruwan da ba ya gudu yakan ɗauki cutar tsargiya. Abin da zai saya na rake, dabino, kifi da tabarmar kaba shi ne zai nuna wa mutanen wurin cewa tabki mai rai yana da riba.

Daminar 2024, wadda ruwanta ya rusa tsohon masallacin Birni a Damagaram tare da dubban gidaje a faɗin ƙasa, ta tuna wa kowa cewa ruwa na iya zuwa fiye da kima kamar yadda yake iya ɗaukewa. Tabki mai zurfi shi ke karɓar rarar ya ajiye wa rani; wanda rairayi ya cike kuwa gonaki da gidaje yake tura wa. Manoman Magarya da Dungas sun riga sun nuna abin da suke iyawa ranar da aka sakar musu icce. Saura magabata su zauna da su, da masunta da makiyaya, a faɗa wa kowane tabki mai shi tun kacalla ba ta rufe shi ba.